Yau ma rana ba ta leƙo ba

Da tsakar rana yau na fita waje da wayata, na buɗe manhajar auna haske na ɗaga ta sama. Abin da ta nuna bai kai lux 2,000 ba (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske), alhali rana mai ƙarfi, idan sama ta washe tangaran, tana iya kaiwa 100,000. Na jima a tsaye ina kallon lambar, domin idona bai gaya mini haka ba. Ƙwayar ido tana buɗewa ta saba da dishi-dishi, shi ya sa mutum yake ganin gari ya waye sarai, ga shi kuwa ɗan abin da ya tsallake gajimare ne kawai yake isowa ƙasa. A ƙarshen kaka dama yini yakan gajarce, rana ta riƙa bi ta ƙasa-ƙasa, amma lulluɓin bana ya wuce yadda aka saba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya: ba a lissafa cewa rana ta haska sai hasken da ke zuwa kai tsaye ya haura wat 120 a kan kowace murabba'in mita. Ke nan a lissafinsu yau sifili muka samu, tun safe har magariba. Farantin sola ya kasa cika batir, shukokin bakin taga sun karkata suna neman haske, ni ma jikina ya yi nauyi kwanakin nan. Wallahi ina kewar rana sosai.