Tsagaita wuta a Sudan: wa zai tsaya a tsakani?

Duk wanda ke da dangi a Mai Wurno ko ƙauyukan Jazira ya san cewa tun barkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, an sha sa hannu a takarda, amma harbi bai tsaya ba. Abin da ake rasawa kullum shi ne mai sa ido a ƙasa.

A duba yarjejeniyar da aka yi a Jidda, a Saudiyya. Ranar 11 ga Mayun 2023 sojan Sudan da dakarun RSF, rundunar ɗaukin gaggawa da ke yaƙi da su, suka yi alkawarin kare fararen hula da ficewa daga asibitoci. Ranar 20 ga watan aka ƙulla tsagaita wuta ta kwana 7, da kwamitin sa ido na mutum 12: uku-uku daga Saudiyya, Amurka da ɓangarorin biyu. Sai dai kwamitin yana Jidda, yana dogaro da hotunan tauraron ɗan'adam. Hoto daga sama ba zai nuna mayaƙin da ya tare a ɗakin mutane a Bahri, arewacin Khartoum, ba, balle ya fitar da shi. Ba a shata layin da kowa zai tsaya ba, ba a kuma faɗi hukuncin wanda ya saɓa ba. Kafin watan ya ƙare soja sun janye daga zaman.

Alhali a Sudan ɗin an taɓa yin tsagaita wutar da ta riƙe. A Janairun 2002, a wani zama a Siwizalan, gwamnati da 'yan tawayen SPLA suka amince da tsagaita wuta a Duwatsun Nuba na Sudan. An ayyana wuraren da kowace runduna za ta koma. Tawagar sa ido ba ta ɗaukar makami, kuma kowane sintiri da mai sa ido ɗaya daga ƙasar waje, da jami'in gwamnati, da na SPLA. In an kawo ƙara, su ukun za su je su gani da ido, su rubuta rahoto tare, don haka ba mai cewa ƙarya aka yi masa. Duk wata 6 ake sabuntawa, ta kuma kai har yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 tsakanin gwamnati da SPLA.

Sauran matsaloli biyu ne, kuma masu nauyi. Makami na shigowa daga waje: ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Hadaddiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta Chadi yana da tushe, ita kuwa ta musanta. Takunkumin makamai na Majalisar kuma Darfur kaɗai ya shafa, sauran ƙasar a buɗe take.

Sai batun haɗe RSF cikin rundunar soja, wanda shi ya kunna wutar tun farko. Soja sun ce a yi shi cikin shekara 2, RSF ta ce 10. Masu shiga tsakani suna son ɗage wannan zuwa gaba saboda wuyarsa. A ganina nan ne kuskuren: muddin ba a rubuta wa zai ba da umarni, a wane bariki za a tara mayaƙa, wa zai ƙirga su ya biya albashinsu ba, kowace tsagaita wuta dama ce ta sake ɗura harsashi kafin damina ta wuce hanyoyi su bushe.