Abin da na koya a bakin sheƙar robin

Ranar da malamarmu ta ce aikin fili na a kan robin zan yi shi, raina bai so ba. A jihar Mishigan ta Amurka, inda nake karatun ilimin halittu, babu farfajiyar gidan da ba za ka ga wannan tsuntsu mai jan ƙirji yana tsalle a kan ciyawa ba. Shi ne ma tsuntsun alamar jihar, haka kuma a Wiskonsin da Kanetikat. Na ɗauka an gama sanin komai a kansa.

Mutanen can suna kallonsa yadda muke kallon shamuwa: idan ya bayyana, hunturu ya kusa wucewa. Haka aka faɗa mini, haka na rubuta a shafin farko na littafina, cewa yana ƙaura zuwa Fulorida da Meziko ya dawo cikin Maris. Sai a tsakiyar Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, na tarar da garkensu a bakin wani kurmi suna ta cin 'ya'yan itace. Da na kai wa malama labari, cewa ta yi in goge abin da na ji, in rubuta abin da na gani. Ashe da yawa suna tafiya kudu, amma wasu ba sa yin nisa. Ƙasa ce ke daskarewa, tana, wato tsutsar ƙasa da suke ci, ta yi wuyar samu, sai su bar farfajiyar gidaje su haɗu garke-garke inda 'ya'yan itace suke. Abinci ke tafiyar da ƙaurar fiye da sanyi. Daga ranar na raba littafin gida biyu, gani a dama, ji a hagu.

Kukansa kuwa da asuba na san shi. A watan Mayu, in na tashi salla gari bai waye ba, namijin ya riga ni. Gajerun gaɓoɓi ne masu hawa da sauka, ya ɗan tsaya ya sake ɗauka, yana shelar iyakar yankinsa yana kuma neman mace. Sai da na yi makonni kafin kunnena ya raba wannan da ɗan kukan kashedi mai kaifi da yake yi idan kyanwa ta matso.

Sheƙa ce ta fi ba ni aiki, ita ce kuma ta fi shiga raina. Macen ce ke gini. Takan tara busasshiyar ciyawa da ƙananan tsinke, ta ɗebo taɓo da baki ta yi yaɓe, ta shiga ciki tana juyawa tana dannawa da ƙirji har ya zama kamar ƙoƙo, sannan ta shimfiɗa lallausar ciyawa. Ƙwai uku zuwa biyar, shuɗi mai haske wanda hoto ba ya fito da shi yadda yake. Kwanci kwana 12 zuwa 14, ita kaɗai. Bayan ƙyanƙyasa, kusan mako biyu 'ya'yan sun bar sheƙa, tun ba su gama iya tashi ba.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na ga ɗaya a ƙasa, ƙirjinsa ɗigo-ɗigo, yana ta kuka, na ɗauke shi na kai ɗakin gwaji a zaton maraya ne. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mayar da shi daidai inda ka same shi, ka ja baya ka zauna." Na zauna nesa, can sai ga uban da tana a baki. Shi ke ciyar da waɗanda suka sauko yayin da uwar ta koma shirin kwanci na biyu, domin sukan yi sau biyu ko uku a shekara. Tausayina ne ya kusa raba ɗan da mai ciyar da shi. Kuma ko ba ni, hankaka da kurege da maciji suna nan. Sheƙar da ke fitar da 'ya'ya ba ta kai rabi ba, dole ka koyi rubuta "babu kowa a ciki" ba tare da ka sa hannu ba.

Daga baya na gane dalilin da ya sa ake damuwa da tsuntsun da kowa ya saba gani. A shekarun 1950, a wannan jiha, masanin tsuntsaye George Wallace ya lura robin na mutuwa bayan an fesa wa itatuwan elm maganin kashe ƙwari na DDT. Ganye ya zubo, tana ta cinye shi, robin ya ci tanar. Marubuciya Rachel Carson ta kawo labarin a littafinta na 1962, aka hana amfani da maganin a gonakin Amurka a 1972. Da tsuntsun ɓoye ne, da wa zai lura ya ragu?

Da na dawo gida, wata safiya a Jos na ji kuka mai kama da nasa daga bishiyar mangwaro. Na ɗaga kai, sai ga ɗan'uwansa na Afirka, Turdus pelios, mai rawayan baki, danginsu ɗaya da robin, wanda sunansa na kimiyya shi ne Turdus migratorius. Na ɗauko sabon littafi na rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa.