Kwaɗon da duniyarsa tafki ɗaya ce

Ina aji uku a jami'a a Bauchi, ina karatun ilimin dabbobi, aka raba mana aikin rubuta bayani kan kwaɗi. A lokacin, a wajena kwaɗo kwaɗo ne, irin wanda ke cika mana kunne a kududdufan Yalwa idan damina ta sauka. Ni aka ba ni wani kwaɗo da masana ke kira Xenopus longipes. Cikin gaggawa na cike gurbin mazauninsa da "tsakiyar Afirka", na miƙa.

Malam ya dawo mini da takardar, ya ja layi da jan biro. Ya ce, "Ɗana, wannan ai ba adireshi ba ne. Koma ka nemo mini gidansa."

Da na koma na bincika, jikina ya yi sanyi. Duk faɗin duniya ba a samun wannan kwaɗo sai a Tafkin Oku, wani tafki da ya taru a bakin mataccen dutse mai aman wuta a arewa maso yammacin Kamaru, sama da mita 2,200 daga doron teku. Sai a 1991 masana suka ba shi suna. Ɗan gidan Pipidae ne, kwaɗin da ba su da harshe, masu farata a yatsu uku na ƙafar baya, masu ƙare rayuwarsu cikin ruwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kuromosom ɗinsa, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki: guda 108, jeri goma sha biyu, alhali ɗan Adam 46 gare shi a jeri biyu, wani kwaɗo ɗan gidansu, Xenopus laevis, kuwa 36.

Tafkin ba shi da kifi tun asali. Da wani zai zuba kifi a ciki, ko da niyyar taimakon jama'a ne, ana fargabar su cinye ƙwai da 'ya'yan kwaɗon, kuma babu wani tafki da za a je a ɗebo wasu. Shi ya sa yake cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Rubutun da na yi da farko ya ɓoye wannan duka, ya mai da shi kamar mai gida ko'ina.

Daga baya muka je ɗaukar samfur a gefen madatsar Gubi. Abokaina har sun koma mota, ni ina tsugune ina rubuta wa kowace kwalba ranar da aka kama kwaɗon da ainihin gaɓar da aka same shi.