Kafin ka sayi murfin matatar iska irin na da

Ƙannena masu manyan babura, murfin nan mai ƙyalli da ke gefen dama na inji shi ne abin da ido ke fara sauka a kai, shi ya sa yake saurin cin kuɗin mutum. Ni hoto na gani, murfi mai siffar ɗigon hawaye irin wanda kamfanin S&S ya yi suna da shi, na saya ban tambayi kowa ba. Da ya iso, ramukan noti ba su yi daidai da na babur ɗina ba.

Murfi ba shi kaɗai yake zaune ba. A bayansa akwai faranti da aka ɗaure a bakin kabureta, a kansa matatar take, kuma shi ke nuna murfin da zai hau. Saboda haka ka fara sanin injinka da shekararsa. A baburan Harley-Davidson kaɗai akwai injin Evolution da ya fito a 1984, Twin Cam a 1999, Milwaukee-Eight a 2017, kuma kayan wannan ba lallai su shiga wancan ba. Notin Harley yawanci da inci ake auna su, na Honda Shadow da Yamaha V Star kuwa da milimita.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo. Na canza duka da farantin, iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba. Inji ya riƙa zafi, salansa na harbi duk lokacin da na saki wuta, fulogi ya yi fari fat. In za ka buɗe wa inji hanyar iska, sai makanike ya canza jet ɗin kabureta, wato ɗan ramin da fetur ke bi, in kuma babur mai kwamfuta ne a sake saita ta. Murfi kaɗai a kan matatar asali ba ya jawo wannan, kuma a ganina ya ishi mafi yawanku.

Ka hau babur ka gwada da gwiwarka. Murfin da ya turo waje da yawa zai hana ƙafarka zama daidai a kan birki. Mai buɗaɗɗen gefe yana da kyau a ido, amma ruwan sama na jiƙa matatar, sai ka nema masa riga. Ka duba bututun da ke mayar da tururin baƙin mai cikin matata, in ba haka ba wandonka ne zai sha. Noti kuma a ɗiga masa Loctite shuɗi, wato gam mai riƙe noti, don girgizar inji mai silinda biyu tana kwance shi a hanya.