Daga rediyon Baba zuwa odiyon Umma

Ranar Alhamis ɗin da ta zo kafin zaɓen gwamna na 2023, ko azkar ɗin asuba ban gama ba Umma ta aiko ƙanwata wai in zo yanzu-yanzu. Na same ta zaune a kan darduma, carbi a hannu ɗaya waya a ɗaya hannun, fuskarta duk ta canza. Ta ce "kai, zauna ka ji wannan." Odiyo ne na WhatsApp, minti huɗu da wani abu, daga guruf ɗin matan Islamiyyarsu. Muryar wani dattijo ce mai nutsuwa, ya yi sallama ya yi salati, sannan ya ce labari ya iso musu daga majiya mai ƙarfi cewa an shigo da baƙin 'yan daba gari cikin manyan motoci, ranar Asabar duk wanda ya fita rumfar zaɓe ya kuka da kansa, mata musamman su zauna a gida. Ya rufe da cewa don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa 'yan uwa. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi unguwa ba, bai faɗi shekara ba, Asabar kawai ya ce, kuma kowa ya san zaɓenmu dama ranar Asabar ake yi.

Umma ta ce ita dai ba inda za ta, kuma 'ya'yanta mata ba wadda za ta leƙa ko zaure. A take muryar mutumin da ba mu san ko waye ba ta kwashe ƙuri'a biyar daga gidanmu. Kuma wallahi ban ga laifinta ba, domin duk wanda yake Kano a watan Maris na 2019 bai manta tashin hankalin da aka yi a unguwar Gama ranar zaɓen inkonkulusib, wato zagaye na biyu na zaɓen gwamna, ba, tsoron nata yana da tushe, shi mai odiyon kuwa a kan wannan tushen ya ɗora gininsa.

Tun ranar nake juya abin a raina, sai na ga ashe daga Baba labarin ya faro, Allah ya jiƙansa. Baba yana da wata 'yar rediyo mai rigar fata da ba ya rabuwa da ita, eriyarta ta karye ya ɗaure ta da waya, batir kuwa in ya yi sanyi sai ya shanya shi a rana. Shida da rabi na safe BBC, takwas da rabi na dare BBC, tsakani kuma ya zaga Jamus, ya zaga Muryar Amurka, ya dawo Kaduna. In gardama ta kaure a majalisarsu ta ƙofar gida, wani ya ce an yi juyin mulki a ƙasa kaza wani ya ce ba a yi ba, tambaya ɗaya Baba yake yi: wa ya faɗa? In aka ce BBC ce ta faɗa, shi ke nan magana ta mutu. In aka ce wai an ce, sai ya ce to mu jira dare. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, kun ga kenan kakanninmu da iyayenmu sun shekara sittin da ɗoriya suna koyon abu ɗaya, cewa muryar da ta fito daga cikin akwati da Hausa mai kyau da nutsuwa gaskiya take faɗa. Jarida ba ta taɓa kama mu kamar rediyo ba, duk da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa tun 1939, saboda jarida sai mai boko, rediyo kuwa har makiyayi a daji yana rataye da ita a kafaɗa. Mu mutanen kunne ne.

To abin da Baba bai taɓa gani da idonsa ba shi ne, bayan wannan muryar akwai mutane, akwai wakili da ya je wurin, akwai edita da zai ce ina shaidarka, ka kira ɗaya ɓangaren ka ji ta bakinsu, akwai gidan da in ya yi ƙarya sunansa ne zai zube. Waya ta zo ta ɗauko muryar ta kawo mana har kan darduma, amma editan ta baro shi a can. Umma ba ta karanta boko, rubutun Facebook ba ruwanta da shi, amma odiyo ai kunne kawai yake so, kuma yardar da ta gada daga rediyon mijinta ita ce ta miƙa wa wayar gaba ɗaya ba tare da ta sani ba. Duk masu nazarin labaran ƙarya da nake gani hankalinsu na kan abin da aka rubuta a X da turanci, ni kuwa a ganina siyasar arewa a cikin odiyo da guntayen bidiyon TikTok take yawo, cikin gurufan da ba mai iya leƙawa daga waje.

'Yan siyasa sun riga kowa gane wannan. Mu a Kano dama mun san sojojin baka tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, Freedom ta fara a 2003 sauran suka biyo baya, mutum zai sayi fili da daddare ya wanke maigidansa ya yi wa abokin hamayya tatas. Amma ko a nan akwai iyaka, akwai mai gabatarwa da zai katse ka, akwai NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, da gidan ke tsoron tararta, kuma kowa ya san sunanka da unguwarku. Yanzu sojan baka ba ya buƙatar fili. Yaro ne zaune a shagon caji da waya biyu, an tura masa kuɗin data da ɗan na shayi, shi ne admin a guruf goma, da safe a turo masa abin da za a yaɗa yau. Na san irinsu da yawa, wasu tare muka yi makaranta, masu digiri ne ba aiki, kuma in ka zauna da su za su faɗa maka ba wai sun yarda da abin ba ne, abinci suke nema. Wannan ya fi komai yi min ciwo, yadda talauci ya mayar da samari masu kaifin ƙwaƙwalwa 'yan amshin shata a kan kuɗin da ko buhun shinkafa ba zai saya ba. BBC ma ta yi bincike gab da zaɓen 2023 ta nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu tarin mabiya a asirce su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya.

Ku tuna maganar Jibril na Sudan. Aka ce Buhari ya rasu an kawo wani mai kama da shi, aka yi ta haɗa hotunan kunne da na tafin hannu, abu kamar wasa har sai da shugaban ƙasa da bakinsa ya tsaya a Poland a watan Disamba 2018 yana cewa shi ne dai ba wani ba. In ƙarya za ta iya tilasta wa shugaban ƙasa ya rantse cewa shi ne shi, ina ga tsohuwa a cikin ɗaki.

Ba wai ina kukan a koma zamanin da ba ne fa. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 ina rumfarmu tun safe har aka ƙirga, na ga BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta ƙi karɓar yatsan wata tsohuwa sai aka ɗauki fuskarta ta wuce, na ga an zazzage akwati a gaban kowa muna ƙirgawa da ƙarfi tare da malamin zaɓe, ɗaya, biyu, uku, har magariba ta yi aka kunna fitilun waya. Da aka cike takardar sakamako wakilan jam'iyyu suka sa hannu, mu wajen talatin muka ɗaga waya muka ɗauki hotonta. A zamanin Baba wannan takardar in ta bar rumfa sai dai Allah, yau kuwa tana aljihun mai shayi da ɗan acaɓa. Na koma gida ina jin cewa wannan karon an gama da maguɗi. Sai dare ya yi, shafin IReV da INEC ta yi alkawarin za a ga sakamakon kowace rumfa nan take, na 'yan majalisa yana hawa na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, daga baya a watan Oktoba Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗora sakamako a shafin bai isa ya rushe zaɓe ba. Kuma a wannan daren da shafin ya yi shiru, me ya cike gurbin? Odiyo. Kowane guruf da nasa sakamakon, kowa da nasa wanda ya ci. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 25 ba, kuma duk da na san dalilan suna da yawa, ga wahalar canjin kuɗi da aka sha a lokacin ga ɗebe tsammani, ina yawan tunanin gidaje nawa ne irin namu da murya ɗaya ta zaunar.

Wayar nan dai ita ce ta fito da yaran nan da aka kama bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024. Wata uku suna tsare ba mai jin ɗuriyarsu, sai ranar 1 ga Nuwamba aka kai su kotun tarayya a Abuja ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, wani ya ɗauka a waya. Yara ƙanana, ƙasusuwa a waje, yawancinsu namu ne na Kano da Kaduna. Na kalli bidiyon nan na kasa cin abinci. Cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su. Ba don wannan bidiyon ba Allah kaɗai ya san inda suke yau. Haka bidiyon dalolin da Ja'afar Ja'afar ya saki a Daily Nigerian a 2018, wanda aka ce ya nuna gwamnan Kano na lokacin yana karɓar cin hanci, shi kuma ya musanta, jaridar intanet ce ta fitar da shi, ban ga gidan rediyon da zai iya fara taɓa wannan maganar ba a lokacin. Daga baya shi Ja'afar ɗin sai da ya bar ƙasar saboda tsoron lafiyarsa. Dadiyata kuwa, malamin jami'a da bakinsa a soshiyal midiya kawai aka san shi da shi, tun farkon Agusta 2019 da aka ɗauke shi a gidansa a Kaduna har yau iyalinsa ba su gan shi ba. Duk lokacin da zan yi fostin mai zafi sai ya faɗo min a rai, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Gwamnatoci kuma maganinsu ɗaya ne, rufewa. An rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 bayan an goge wani rubutun shugaban ƙasa, yara suka koyi VPN, manhajar zagaye toshewar, cikin kwana ɗaya. An katse sabis a Zamfara a watan Satumba 2021 saboda 'yan bindiga, mutane suna shiga mota zuwa wata jiha don kawai su kira 'yan uwa. A Nijar sojoji sun dakatar da rediyon Faransa RFI bayan juyin mulkin 2023, suka dakatar da BBC wata uku a ƙarshen 2024. Muryar Amurka da Baba yake ji ita kuma daga can gida Amurka aka kashe ta a watan Maris 2025. Abin lura, duk wanda ake rufewa mai suna ne da adireshi, wanda za ka iya kai ƙararsa in ya yi maka ƙarya. Dattijon odiyon Umma ba wanda ya isa ya dakatar da shi tunda ba a san shi ba, duk gidan da aka rufe fili aka ƙara masa. Ga kuma 'yan jaridarmu na gida da albashi ba ya zuwa a kan kari, talla ta koma Facebook, mutum ya kwana uku yana bin labari wani shafi ya kwafe cikin minti ɗaya ya sa kanun da ya fi nasa zafi. Yanzu kuma ga manhajojin da ke kwaikwayon murya sun zo, za a iya sa malamin da kake bi sallah ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, da muryarsa da kake ji tun kana yaro. Wannan kam yana hana ni barci.

Ranar nan dai ban yi wa Umma musu ba, don in ka ce wa uwa ƙarya aka yi mata kamar ka ce ba ta da wayo ne. Na ce Umma bari in bincika. Na kira wani abokina da ke aiki a gidan rediyo, ya yi dariya ya ce odiyon nan tun zaɓen da ya wuce yake yawo, ya turo min shi daga tsohuwar wayarsa da kwanan watan 2019 a jiki. Na nuna mata. Ta yi shiru, can ta ce "to shi wannan bawan Allah da ya yi salati, bai ji tsoron Allah ba?" Ban san me zan ce mata ba. Ranar Asabar na riga su fita, na zaga rumfar na ga lafiya lau, na kira ta, ta sa hijabinta ta taho da yaran duka huɗu, ta dangwala wa wanda take so, har yau kuma ba ta faɗa min ko waye ba.

Tun daga nan duk odiyon da ya shigo mata sai ta turo min kafin ta tura gaba, ta haɗa da nata gajeren saƙon, "kai, duba min wa ya faɗa." Ranar farko da na ji ta faɗi haka sai da idona ya kawo ruwa, don tambayar Baba ce sak. Guruf ɗin nasu mata ɗari biyu ne da wani abu, ban san su nawa ne ke da wanda za su tura wa ba. Jiya ma bayan isha'i ta turo wani, minti bakwai, a kan rigakafin yara, kafin in gama saurare ƙanwata ta ce ai mutum goma sha ɗaya sun riga sun amsa da Allah ya saka da alheri.