Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar Kwasar Maman Biyu

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya na tsaya inda muka kori namijin nan da ya shigo zaurenmu na WhatsApp da hoton wata amarya, muka kafa doka cewa duk mai son zama cikinmu sai ta turo saƙon murya ta faɗi unguwarsu. Wasunku sun tambaya ko dokar ta yi aiki. Ta yi, amma a kan maza kaɗai.

A 2019 zauren ya cika maƙil, don a lokacin mutum 256 kawai zaure yake ɗauka, sai wata ta fita ake saka wata. Kusan duk babu mai amfani da sunanta na yanka. Daga Maman wane sai Ummu wane, hoton kuma fure ne ko Ka'aba ko kwanon dambu. Ba wadda ta taɓa kiran wannan ƙarya. Matar da za ta kawo ƙarar uwar miji gaban mata ɗari biyu, alhali wataƙila ƙanwar mijin tana ciki, ai dole ta yi lulluɓi.

Cikin waɗanda aka fi ji da su akwai Maman Biyu. Saƙon muryarta da ta turo, Hausa ce tangaran, ta ce Tudun Wada, a nan Kaduna. In an yi haihuwa ita ce farkon barka, in an yi rasuwa ita ce mai tuna mana a haɗa abin ta'aziyya. Ita ta koya wa rabin zauren yadda ake kunun gyaɗa ba ya tsinkewa. Da muka buɗe adashi, ni ce uwar adashi, zubin naira 5,000 duk wata, tana cikin na farko da suka shiga, kuma ta ce a ba ta kwasar ƙarshe. Duk wadda ta riƙe adashi ta san mai neman kwasar ƙarshe ba ta da yawa. Kowa so take ta ɗauka da wuri, daga nan kuma a fara bin ta da waya. Akwai wadda ta sa cikakken sunanta da hotonta har da sunan Alhajinta, ta kwashe a wata na biyu, layinta bai sake shiga ba. Wannan labarin wani mako ne.

Zubin Maman Biyu bai taɓa latti ba, sai dai kullum ta hannun mai POS yake zuwa, don haka sunansa nake gani a alat, ba nata ba.

To amma banki bai san alkunya ba. Tun da aka shigo da BVN a 2014, sunan da ke kan asusu an ɗaure shi da zanen yatsa, kuma da ka sa lambar asusun mutum za ka tura kuɗi, sunansa zai fito ɓaro-ɓaro kafin ka danna. Da ranar kwasarta ta zo na ce ta turo lamba, sai ta yi shiru har bayan isha'i, sannan ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, kafin ki ga sunan a waya, gara ki ji daga bakina. Ni Kirista ce. A Sabon Tasha nake."

Na ce, "Ba ke kika ce mana Tudun Wada ba?"

Ta ce, "Nan aka binne cibiyata, Yaya. Kun ce a faɗi unguwarmu, ba ku ce inda ake kwana ba."

Wanda ba ɗan Kaduna ba ne, da wuya ya gane nauyin wannan magana. Kafin rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, gida ɗaya za ka samu Bahaushe da Bajju da Bayarabe suna haya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Wannan rikicin da na Nuwamban 2002 su suka raba garin, Musulmi suka tattaru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka tsallaka kogi zuwa Sabo, wato Sabon Tasha, da Television da Narayi. Tana 'yar makarantar firamare aka fitar da su cikin dare, maƙwabcinsu wani malami ne ya ɓoye su a ɗakin matarsa kafin sojoji su zo. Ta ce abin da ta rasa ba gidan ba ne, hirar tsakar gida ce, irin wadda ake yi ana tsince shinkafa, kuma a zaurenmu ta sake samunta. Tagwayen gaskiya ne, kunun gyaɗar ma a wurin matar malamin ta koya.

Na tura mata kuɗinta a daren, don haƙƙinta ne ko da sunan wa ya fito. Da safe na kai maganar ga sauran masu kula da zauren, mu huɗu.

Hajiya, wadda ta kafa zauren kuma ta girme mu duka, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Ba addininta ne ya dame ni ba, ƙanwata. Mata sun buɗe cikinsu a kan iddah da wankan janaba da rikicin kishiya suna zaton su ya su ne. Ita ta san mu, mu ba mu san ta ba." Ban raina wannan hujja ba, har yau ma ban raina ta ba. Amsar Tudun Wada ɗin nan, in za a yi gaskiya, an zaɓe ta ne don mu fahimci abin da ba haka yake ba, kuma Maman Biyu ta san da haka, shi ya sa ta riƙa bi ta mai POS. Sai dai na tambayi Hajiya, da ta faɗa tun ranar farko, za mu bar ta ta zauna? Hajiya ta ce, "Allah ne masani." Duk mun san amsar. Mu muka gina ƙofar da ba ta shiguwa sai da lulluɓi, sannan muna jin haushin wadda ta lulluɓa.

Aka tsaya a kan cewa ita da kanta za ta faɗa wa zauren, ba mu ba, kuma kafin nan ɗaya daga cikinmu ta je ta gan ta ido da ido, don bayan abin da namijin nan ya yi mana, murya kaɗai ta daina isar Hajiya. Aka ce ni, tunda ni ta kira.

Da na faɗa wa Baban yara zan je Sabo ranar Asabar, ya ajiye cokali ya ce, "Wace Sabon?" Na ce wadda kwandastoci ke kira a bakin Kasuwa. Abin da ya biyo baya, da yadda na tarar da mahaifiyarta tana tambayata ko har yanzu bishiyar mangwaron ƙofar gidan malam tana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.