Ƙwai 48 da shirun da na yi

Ƙarshen makon nan zan miƙa rigar aiki da makullin kabad, bayan shekara 4 a kicin ɗin otal, 3 daga ciki a teburin karin kumallo. Yaran da suka shigo bayana sun ce in rubuta musu abin da na koya. Na zauna zan jera musu abubuwa, sai na ga duk inda na bi, hanya tana komawa ga safiya ɗaya. Wanda ya yi aiki da mu a lokacin ya san safiyar da nake nufi, har yau in aka ce "ranar miyar ƙwai" kowa sai ya kalle ni.

A cikin duk abin da ake dafawa da safe, babu mai tona asirin kuku kamar ƙwan da ake fasawa a cikin ruwan zafi ba ɓawo, farin ya daskare ya lulluɓe gwaiduwa, ita kuma ta zauna ruwa-ruwa sai baƙo ya huda ta da cokali. Mu a kicin ƙwan tsirara muke ce masa. Shekara biyu ina yin sa a faffaɗar tukunya, da matsami a hannu, ido a kan ruwa. Sai Oga, babban kukunmu, ya shawo kan manaja aka sayo injin nan mai aiki goma: tulu ɗaya na ƙarfe mai cin lita 2 da ɗoriya, wuƙa a gindinsa, yana niƙa, yana kwaɓa, yana auna nauyi, yana turara, yana riƙe zafi a digirin da ka saita masa. Injin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Miyar man shanu da gwaiduwa da ake zubawa a kan ƙwan, wadda da hannu take tsinke mana sau biyu a mako, tun da ya zo ba ta sake tsinkewa ba, domin yana riƙe ta a wajen digiri 70 yana juyawa ba gajiya.

Ganin haka Oga ya ce ƙwan ma ya koma cikin injin. Ya rubuta tsarinsa a takarda ya liƙa a bango: ruwa lita ɗaya da rabi, cokali biyu na binega (ruwan tsamin nan na girki), zafi digiri 85, a rufe wuƙa da marfinta, a sa juyin baya (inda wuƙar ke juyawa da bayanta, ba ta yanka) a mafi ƙanƙantar gudu, a zuba ƙwai ta ramin murfi, minti 4. Ya gwada a gabanmu da ƙwai biyu da aka kawo a ranar, suka fito kamar an zana su. Aka tafa masa.

Wata uku bayan haka aka ce mana wani kamfani ya kama ɗakin taro, mutum 24, kowa ƙwai biyu, ƙarfe 7:30 daidai abinci ya hau tebur. Da yammacin jajiberin na ɗauko kiret ɗin da za mu yi aiki da shi, na fasa guda a faranti kamar yadda tsohon kukun da ya koya mini aiki yake yi. Farin ya baje ya malale har bakin faranti, gwaiduwar ta kwanta a shimfiɗe. Na jefa wani a kofin ruwa, ya tashi tsaye a kan tsininsa. Ƙwan bai lalace ba, ana iya soya shi ko a sa shi a kek ba wanda zai ce uffan. Amma ya daɗe a ajiye, kuma ƙwan tsirara da tsohon ƙwai ba sa shiri.

A lokacin hannuna ne kawai ya san haka, dalilin sai daga baya na bi na karanta, saboda haushi. Farin ƙwai kashi biyu ne, akwai mai kauri da ke rungume da gwaiduwa, akwai mai ruwa a gefe. Ɓawo yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke fita kullum, sai ma'aunin tsamin farin, wato pH, ya tashi daga wajen 7.6 ranar da kaza ta saka shi zuwa sama da 9 (tashin lambar yana nufin tsamin ya ragu), mai kaurin ya riƙa saki yana komawa ruwa. Ta ƙofofin nan danshi ma ke fita, aljihun iskar da ke gindin ƙwan ya faɗaɗa, shi ya sa tsohon ƙwai yake tashi tsaye a ruwa. Ka jefa irin wannan a ruwan zafi, farin mai ruwa zai watse ya zama zare-zare kafin zafi ya kama shi.

Na ɗauki farantin na je wurin Oga. Yana duba takardun oda, bai ɗago ba.

Na ce, "Oga, ƙwan nan fa ya ɗan kwana. Da mun yi su yau da daddare a tukunya, mu ajiye a ruwan ƙanƙara, gobe sai ɗumamawa."

Ya ce, "Kai da injin wa ya fi sanin zafi? Bi takarda."

Na ce to. A nan kuskurena yake, kuma na daɗe kafin in yarda cewa nan ne. Farantin yana hannuna, shaida ce da ko makaho zai taɓa ya ji, amma ban tura masa shi gaban ido ba. Ban ce a kira sito a canza kiret ba. Ban tsaya bayan an tashi na yi gwaji da ƙwai huɗu ba, abin da ba zai ci mini minti 15 ba. Na san halinsa, in ka maimaita masa magana sai ya ɗauka raini ne, ni kuma ina jiran ya sa hannu a takardar hutuna. Na zuba ƙwan a kwanon ma'aikata na tafi gida.

Da safe ƙarfe 7 na fara. Lissafin da ban yi da daddare ba ya taso mini a tsaye: in bibbiyu zan yi kamar yadda aka gwada, zagaye 24 ke nan, kowanne minti 4 ban da jiran ruwa ya dawo zafinsa. Sai na ce bari in zuba shida-shida. Ƙwan kuwa daga firij na fito da su, suna wajen digiri 4. Ƙwai shida masu sanyi a ruwa lita ɗaya da rabi suna iya sauke zafin da kusan digiri 10, kuma injin daga gindi yake jin zafi, daga gindi yake hurawa, kafin ya farfaɗo an ci rabin lokacin. Farin ƙwai yana fara kamawa tun wajen digiri 62, amma babban furotin da ke cikinsa, wanda ya fi rabi, ba ya tsayawa da kyau sai an kai wajen 80. Tsakanin nan biyu abin da za ka samu farin ne mai kama da kindirmon da bai kwanta ba, ka taɓa shi ya rabe.

Ga kuma murfi. A tukunya ina kallon ƙwai tun daga faɗawarsa, in na ga yana bajewa in tattaro shi da matsami. Injin ba ya juyawa sai murfi a kulle, abin da kake gani ramin nan ne kawai da tururi ke fita. Zagayen farko ya fito, biyu sun yi dama-dama, huɗu sun manne da juna da gashin fari ko'ina. Zuciyata ta fara bugawa. Na zubar da ruwan don ya yi gajimare, na ɗauraye tulun, na cika, na jira ya yi zafi, agogo yana 7:16. A cikin wannan gaggawar marfin wuƙar ya zauna a bakin wurin wanki, ni kuma na danna gudu ban duba alamar juyin baya ba. Na zuba shida ta rami. Ƙarar da na ji ta isa, tun kafin in buɗe na san abin da ke ciki: ruwa rawaya mai kumfa da ɗigon fari.

Oga ya shigo a daidai lokacin, manaja a bayansa yana tambayar me ya tsayar da abinci. Ya leƙa tulun, ya ɗago marfin wuƙar daga bakin wurin wanki ya nuna wa manaja kamar lauya a kotu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga takarda a bango, yaron nan ne ba ya bin ƙa'ida." Gaskiya ya faɗa, rabinta. Zancen kiret, da maganar da na yi masa jiya, da cewa tsarin nasa ba a taɓa gwada shi da ƙwai fiye da biyu ba, duk bai ambata ba. Na buɗe baki na ce, "Oga, ai jiya na..." ya ce in fita daga teburin. Baƙi suka ci soyayyen ƙwai da ƙarfe 8 saura, aka ba su haƙuri, ni aka ba ni takardar gargaɗi aka yanke mini albashin kwana uku. Hutun da na yi shiru dominsa ma ban samu ba sai bayan wata biyu.

Laifi tudu ne, na sani, kuma na taka nawa na hangi nasa tsawon lokaci. Marfin wuƙa ni na manta, shida-shida ni na zuba. Amma har gobe ina cewa shugaban da aka kawo wa magana da yamma, da safe ya yi kamar bai taɓa jin ta ba, ya ci amanar na ƙasa da shi. Da ya ce wa manaja "ni da shi muka yi kuskure", da kwana ukun nan ba su dame ni ba.

Bayan abin ya lafa na sayi ƙwai da kuɗina, ina tsayawa bayan an tashi ina gwaji, sati uku. Abin da na fitar shi ne wanda ake bi yanzu. Kowane ƙwai a fasa shi a ƙaramar rariya mai laushi, a bar shi daƙiƙa 20 zuwa 30, farin mai ruwa ya tsiyaye, abin da ya rage shi ne zai kama ya yi siffa. Wannan kaɗai ya fi binega aiki, kuma ba ya bar wa ƙwan ɗanɗanon tsami. A cikin tulun kada a wuce biyu, kuma da zarar ruwa ya kai zafi a tsayar da juyin gaba ɗaya, ƙwai ba ya bukatar guguwa. In baƙi sun yi yawa, a bar tulun ya tafasa ruwa kawai, a shafa mai a ƙananan kofuna, a fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a ciki, a jera a kwandon turare na sama. Siffar kofi za su ɗauka, mai ido zai gane, amma ba sa watsewa. Wanda ya fi duka ga taro shi ne a dafa su da ɓawonsu a digiri 63 zuwa 64 na tsawon minti 45 zuwa awa ɗaya, abin da injin ya ƙware a kai fiye da kowane kuku, sannan a fasa a tsoma a ruwa mai zafi sosai minti ɗaya don farin waje ya tsaya. Nan ne injin yake da amfani na gaske, wurin riƙe zafi ɗaya na dogon lokaci. Sai kuma tsohuwar hanyar da na roƙa aka hana ni: a yi su tun dare, a tsame cikin ruwan ƙanƙara, a kwana a firij, da safe a ɗumama a ruwan digiri 60 na 'yan mintoci. Da ita na fitar da ƙwai 60 a wani taron bara, ba wanda ya fashe.

Sauran abin da zan ce wa yara gajere ne. Duk tsarin da aka liƙa a bango, ku tambaya da guda nawa aka gwada shi. Ku fasa ƙwai ɗaya daga kowane sabon kiret kafin ku sa hannu a takardar karɓa. Mai juna biyu, ƙaramin yaro, tsoho da marar lafiya, in an ce muku abincinsu ne, ku dafa gwaiduwar ta ƙanƙame, saboda ƙwayar cutar salmonela ba ta san kwalliyar faranti ba. Kayan injin da aka cire don wanki a mayar da su kafin a zuba ruwa, ba bayan an zuba ba. In kun gaya wa babba magana mai nauyi, ku faɗe ta a gaban mutum na uku, ko ku rubuta a littafin miƙa aiki da kwanan wata. Wannan na ƙarshen ba don ƙwai na koye shi ba.

Takardar da ke bango yanzu sabuwa ce, an buga ta da kwamfuta an sa mata leda. Rariya tana ciki, bibbiyu yana ciki, digiri 63 yana ciki, har da ruwan ƙanƙara. A ƙasanta sunan Oga ne da sa hannunsa. Watan jiya na ji shi yana koya wa wani sabon yaro, yana riƙe da faranti yana cewa, "Ka ga yadda farin ya baje? Tsohon ƙwai ke nan, ni tun daga nesa nake gane shi." Ina yanka burodi a bayansu, ban ɗago ba. Rariyar dai tawa ce, da kuɗina na saye ta, kuma tana cikin jakata.